Araha Ba Ta Ado: Zancen Ƙaramar Bindiga Ta Gwanjo

A wannan mako filin namu zai leƙa garin Potiskum ne, cikin Jihar Yobe, domin mu tattauna wani ciniki da ake yi da raɗa, wanda ba a ambaton sunan hajarsa a bainar jama'a. Hajar kuwa ita ce ƙaramar bindigar nan ta aljihu, wadda waɗansu ke kira libarba, waɗansu kuma fistol, musamman irin wadda ta riga ta bi hannu, ake tallarta da cewa araha ce. Tambayoyi biyu ne ke damun mai sha'awar sayenta. Shin ta ci kuɗinta? Shin in rana ta ɓaci za ta fid da mai ita kunya? Amsarmu ga duka biyun ita ce a'a, kuma ga dalilanmu.

Kafin mu shiga dalilan, wajibi ne mu yi wa mai wannan tunani adalci, gama ruwa ba ya tsami banza. Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Wanda ya fito Kano ta Azare zai tafi Damaturu da Maiduguri, nan zai ratsa, haka wanda ya fito Bauci ko Gombe ko Gashuwa. Gari ne na manyan motocin ɗaukar kaya, kuma kararsa, wadda ke ci ran Laraba, tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Inda shanu suke kuwa akwai kuɗi, inda kuɗi suke akwai mai haƙonsu.

Mutanen garin sun ga tashin hankali da idonsu. A daren Laraba 2 ga Mayu 2012 waɗansu mahara suka auka wa karar da bindigogi da abubuwan fashewa, suka sa wuta, suka hallaka mutane da dabbobi. Ƙidayar da aka bayar a lokacin ta ce aƙalla mutum 34 suka rasu, waɗansu kuwa suka ce adadin ya haura 50. A Yuli 2013 aka kashe ɗalibai da malami a makarantar sakandare ta Mamudo, kusa da garin. Ran 10 ga Nuwamba 2014 kuma bom ya tashi a tsakiyar ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum, fiye da yara 40 suka riga mu gidan gaskiya. Ko Mai Potiskum da kansa bai tsira daga 'yan bindiga ba, don a Janairu 2020 sun buɗe wa ayarinsa wuta a hanyar Kaduna zuwa Zariya, aka yi asarar rayuka, shi Allah Ya kuɓutar da shi.

Ban da wannan, manya ma sun yi magana. A Maris 2018 Janar T. Y. Danjuma ya yi kira a Jalingo cewa jama'a su tashi su kāre kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi makamancin wannan kira. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi lasin su mallaki bindiga, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. To, falken da ya ji waɗannan maganganu, ga shi kuma zai kama hanyar dare da kuɗin shanu, in zuciyarsa ta raya masa ya nemi abin sa wa a aljihu, ba za mu kira shi mahaukaci ba. Abin da za mu yi shi ne mu zauna da shi mu buga lissafi, kamar yadda ya saba yi kafin ya sallama sa.

Daga ina take fitowa?

Duk dillalin kirki, in an kawo masa saniya, abin da zai fara tambaya shi ne daga wane garke ta fito. To, ƙananan bindigogin da ke yawo a ɓoye cikin ƙasar nan, yawancinsu daga kafa uku suke.

Ta farko ita ce ƙirar gida. Maƙeranmu suna da basira, kuma tun zamanin kakanni suke ƙera adaka da bindigar toka domin maharba. Amma bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baka daban, wadda ke cin harsashin zamani daban. Harsashin zamani in ya tashi, ƙarfin da yake bugawa cikin bututun bindiga ya wuce abin da ƙarfen bola-jari zai jure. A masana'antar gaske, irin ta Kaduna da aka kafa a 1964, akwai awo, akwai gwaji, akwai lamba a jikin kowace bindiga. A maƙerar bayan gari kuwa babu ko ɗaya. Mai saye shi ne ɗan gwajin, hannunsa da idonsa su ne abin gwajin. Ba banza ba Bahaushe ya laƙaba wa wata irin bindigar gida suna harba-ka-ruga.

Kafa ta biyu ita ce tsofaffin bindigogin da suka sulale daga fagagen yaƙi da rumbunan hukuma. Tun bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai suka fara yawo a hannun waɗanda ba su dace ba. Yaƙe-yaƙen Cadi suka ƙara, faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 ta zo ta buɗe rumbuna, kaya suka biyo hamada. A cikin gida ma akwai ɓaraka. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa zuwa Disamba 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga cikinsu ƙirar AK-47 ne. Ƙaramar bindigar da ta fito ta irin wannan hanya, asalin ƙirarta na iya zama mai kyau, amma wa ya san shekarunta, wa ya san ramin da ta kwana, wa ya san hannu nawa ta bi?

Kafa ta uku ita ce ta fi yaudara. Akwai bindigogin da ake ƙerawa a ƙasashen waje, musamman Turkiyya, domin su yi ƙara kawai, ba domin su fid da harsashi ba. Masu binciken makamai sun sha samun irinsu a ƙasashen Afirka da Turai an sāke musu ciki don su yi kisa. A ido sumul suke, baƙaƙe wuluk, har da rubutun Turanci a jiki. Amma da yawansu da gaurayen tutiya aka zuba su, ƙarfe mai taushi wanda ba a yi shi domin wannan aiki ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, sai dai shi mai sayen wannan bai ma san rariya aka sayar masa ba.

Ranar da ake bukatarta

Bindiga na'ura ce, kamar keken ɗinki ko injin ban-ruwa. Tana da sifirin da ke sanyi in ya tsufa, tana da allurar da ke bugun gindin harsashi wadda ke cinyewa ko ta karye, tana da bututun da tsatsa ke ci. Soja da ɗan sanda suna kwance tasu su goge, su sa mai, a kai su fili su yi harbin gwaji, in ta sami matsala akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan. Wanda ya sayi tasa a ɓoye fa? Zai naɗe ta a tsumma ya tura ƙarƙashin katifa, ko cikin rufin ɗaki, ko bayan kujerar mota. Ƙurar hunturu ta shiga, raɓar damina ta shiga, gumin jiki ya shiga. Ba shi da inda zai kai ta gyara, ba shi da inda zai gwada ta, don ƙarar harbi ɗaya ta isa ta tara masa unguwa.

Sa'an nan ga zancen harsashi. Wanda ya sayar maka da ita zai haɗa maka da 'yan ƙwayoyi, ba ka san shekarar da aka yi su ba, ba ka san ko sun sha ruwa ba, wani lokaci ma ba awonta ba ne. Tsohon harsashi yakan ƙi tashi. Wani yakan yi jinkiri, sai mutum ya juyo da bakin bindiga yana dubawa sa'an nan ya tashi. Wani kuma yakan tashi da rauni ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya tarar da shi, bindiga ta tsage a hannun mai ita. Ashe kuwa wannan ciniki ya zama cinikin biri a sama. Falken da ba zai sayi sa ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa, shi ne zai ba da kuɗinsa a kan abin da ranar gwajinsa ta farko ita ce ranar da ransa ke kan siraɗi.

Mu ɗauka ma ta tashi. Da wa za a kara? 'Yan fashin yau da masu satar mutane ba da sanda suke zuwa ba, ba kuma ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Bindigar AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a ɗuri guda, tana kuma samun mutum daga nisan mita 300. Ƙaramar bindiga kuwa, a hannun wanda bai koyi harbi ba, cikin duhu, jiki na rawa, ko taku goma ne sai a yi ta kuskure. Sau da yawa ɗan fashi kuɗi yake so ya wuce. Amma da zarar ya ga an zaro ƙarfe, zance ya sāke, kuma ba mai bindigar kaɗai zai shafa ba, har direba da yaran mota da sauran fasinja. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙanƙantarta ta sa ba ta da haɗari. Abin takaicin ke nan game da ita: ta kāsa wajen tsare mai ita, amma ta isa wajen kashe wanda bai shirya ba. Amurkawa sun ga haka. A Yuni 1968, a birnin Los Angeles, aka harbe Sanata Robert Kennedy da wata 'yar libarba mai harsashi lamba 22, wanda kaurinsa bai kai na fensir ba, bindigar kuwa ta bi hannu da dama kafin ta isa ga wanda ya yi kisan. A wannan shekara majalisarsu ta yi dokar da ta toshe shigo da irin waɗannan bindigogi masu araha daga waje. Duk da haka, ran 30 ga Maris 1981, wani saurayi mai suna John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan a Washington da wata libarba mai lamba 22 da ya saya a kantin jingina a Dallas, kuɗinta bai kai dala 50 ba. Mutum huɗu ya raunata. Kakakin shugaban, James Brady, ya nakasa har ƙarshen ransa a 2014, kuma da sunansa aka yi dokar binciken mai sayen bindiga ta 1993. Shugaban ƙasa ke nan, da dogarai kewaye da shi. Abin lura a nan shi ne, irin wannan makami ya fi yi wa mai kai hari amfani, don shi ya zaɓi lokaci, shi ya zaɓi wuri. Wanda aka auka wa ba zato kuwa, kafin hannunsa ya kai aljihu an gama.

A cikin gida

Tafiyar fatauci kwana nawa ce a wata? Sauran kwanakin bindigar tana gida, gidan kuwa akwai yara, akwai samari, akwai baƙi, akwai ranar da rai ke ɓaci. Yaro ba abin da ke ɓoye masa a ɗakin uwarsa ko na ubansa. Saurayi kuwa in ya san inda take, wata rana zai so abokansa su gani. Faɗan da dā zai ƙare da cacar baki, a kira liman ko mai unguwa ya sasanta, in akwai ƙarfe kusa sai ya ƙare da makoki da kotu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993, wanda aka yi a yankunan birane uku, ya gano cewa gidan da ke da bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusan ninka na gidan da ba shi da ita sau uku, kuma galibi kisan daga ɗan'uwa ne ko makusanci. Lalle Amurka daban, Potiskum daban. Amma fushi da tsautsayi da ƙuruciya ba su da ƙabila.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san matsayin wannan makami a dokar Nijeriya ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai masu ɗuri ta baka, irin su adaka, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai na farauta, irin bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto-Janar. Sa'an nan akwai haramtattu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. To, libarba da fistol, kome ƙanƙantarsu, ko da ƙirar gida ce, a wannan kashi na uku dokar ta sa su, jeri ɗaya da igwa da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai kāsa shekara 10 ba. Mai sayarwa ba tare da rajista ba, da maƙerin da ya ƙera ba izini, su ma doka ta hau kansu.

A tuna kuma cewa Yobe na cikin jihohi uku da aka sa wa dokar ta-ɓaci a Mayu 2013, tare da Barno da Adamawa, kuma yanki ne da jami'an tsaro ke sa ido ƙwarai a hanyoyinsa. Mutumin da aka tsayar a shinge aka sami bindiga a jakarsa, kafin ya gamsar da kowa cewa shi falke ne mai tsoron 'yan fashi, ya sha tambayoyin da bai taɓa mafarki ba.

Akwai kuma wani nauyi da ba ya cikin farashi. Bindigar gwanjo tana da tarihi, kuma tarihin nan yana bin wanda aka same ta a hannunsa. In an taɓa fashi da ita, ko an kashe ɗan sanda aka ƙwace ta, kai za ka amsa. Wanda ya sayar maka kuwa ya riƙe maka wuya har abada. Ya san kana da kuɗin da kake jin tsoro a kansu, ya san gidanka, ya san ba za ka iya kai ƙararsa ba. Ran da aka kama shi, sunanka na cikin waɗanda zai fara kira. In ka haɗa kuɗin saye, da kuɗin lauya, da shekarun kurkuku, da iyalin da za a bari ba mai ci da su, da sunan gida da zai ɓaci, sai ka gaya mana inda arahar take.

To, mene ne abin yi?

Ba daidai ba ne mu ce wa mutum ya ajiye wannan tunani sa'an nan mu bar shi da tsoronsa. Na farko, abin da ɗan fashi ke bi shi ne tsabar kuɗi. Yau ana iya cinikin tirela guda ta shanu kuɗin su shiga asusu ta waya, ba wanda ya ɗauki ko sisi. Ya kamata shugabannin kara da ƙungiyoyin dillalai da na direbobi su matsa wa bankuna su kawo ma'aikatansu bakin kasuwa ran Laraba, a kuma koya wa dattawan da ba su saba ba, har abin ya zama al'ada.

Na biyu, tsaro na taro ya fi na mutum guda. A 2013 samarin Maiduguri da aka sani da 'yan kato-da-gora sun taimaka wajen fatattakar masu tayar da ƙayar baya daga unguwanninsu, alhali abin da ya fi yawa a hannunsu sanduna ne da adduna. Ƙarfinsu shi ne sun san kowa, kuma sun haɗa kai da hukuma. 'Yan banga da maharba masu rajista, waɗanda hakimi da 'yan sanda suka san da zamansu, da tafiya cikin ayari da rana, da sanar da hukuma in an ga baƙuwar fuska, sun fi bindiga ɗari da ke ɓoye a ƙarƙashin katifu.

Na uku, wanda ya riga ya mallaki irin wannan abu, kada ya sayar wa wani, don ya mayar da wuta gidan maƙwabci ke nan. Ya nemi shawarar lauya ko hakiminsa a kan yadda zai miƙa ta ga hukuma. A nan muna kira ga gwamnati ta buɗe ƙofa: a sa wa'adi, a yi shela a masallatai da coci-coci da kasuwanni cewa duk wanda ya kawo da kansa ba za a tuhume shi da laifin riƙewa ba. Tun 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma sa hannu a dokarta a 2024. Aikinta bai kamata ya tsaya a Abuja ba, ya kamata a ji motsinta a garuruwa irin su Potiskum.

Na huɗu kuwa, kuma shi ne babba, ya rage ga hukuma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wata cibiyar bincike ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja tun 2006, amma takarda ba ta tsare iyaka. Gwamnatin da ke son talaka ya bar zancen bindiga, sai ta fara ƙidaya nata makaman, ta hukunta wanda ya sayar, ta kuma tsare hanyar Potiskum zuwa Damaturu da ta Azare da ta Gombe yadda falke zai fita da asuba iyalinsa su yi barci. Muddin ba a yi haka ba, mai tallar ƙarfe a ɓoye ba zai rasa masu saye ba, kome yawan wa'azin da za mu yi a wannan fili.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba ƙasarmu zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.